Kafin Ka Jefa Ƙugiya a Ruwan Kadawa

Ɗana, idan ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, shinkafa ta fara ja a gonakin Kura, dawa ta sunkuyar da kai a Bunkure, hankalin kowa yakan koma kan lauje da masussuka. Kaɗan ne suke lura cewa ruwa ma yana da tasa kakar a daidai wannan lokaci. Makonnin da ke tsakanin ɗaukewar damina da saukar hunturu su ne suka fi albarka ga mai neman manyan kifaye masu farautar 'yan'uwansu, irin su tarwaɗa da ragon ruwa da tsage da giwan ruwa. Ina ganin ku, kai da sa'o'inka, kuna fita da fatsa tun da hantsi, ku wuni a bakin kanal, ku dawo da 'yan karfasa uku ko huɗu waɗanda ba su kai faɗin tafin hannu ba. Sai ku ɗora laifin a kan ƙugiya, ko zare, ko ku ce ruwan ne ya mutu. Ƙoƙarinku yana faranta mini rai, shi ya sa nake so in rage muku wahala. Abin da ya rage muku shi ne sanin ruwa, kuma shi ba a sayar da shi a kasuwa.

Ka fara da sanin abin da ya sa kaka ta zama haka. Da damina, idan ruwa ya malala cikin fadamu da ciyayi, kifaye sukan bi shi su yi ƙwai. 'Ya'yan suna girma a ruwa marar zurfi, inda abinci yake da yawa kuma manya ba sa iya kutsawa. Da ruwa ya fara janyewa, dole waɗannan ƙanana su koma kogi ko tafki, kuma hanyar komawar 'yar siririya ce: bakin rafi, bakin magudana, wata 'yar kafa tsakanin ciyawa. A nan manyan suke jira. Ga shi kuma ruwan ya fara washewa daga jan laka, har yanzu da ɗuminsa, kifi yana ci da ƙarfi. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kanka idan ka isa bakin ruwa ita ce, ina ƙananan kifi suke? Ka tsaya ka duba kafin ka kwance zare. Inda zalɓe ya kafe yana kallon ruwa, akwai su. Inda ka ga ƙananan kifi sun watse a saman ruwa gaba ɗaya kamar an watsa tsaba, akwai babba a ƙarƙashinsu. Minti goma na kallo ya fi maka jifa hamsin a inda babu kowa.

Ruwanmu na nan Kadawa kuma yana da wani hali da ruwan wasu wurare ba shi da shi, domin ba damina kaɗai ke juya shi ba, har da hannun mutum. Tun da aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan da ke zuwa mana yana biyowa ta babban kanal ne, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa rassan da ke shayar da gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne suke buɗe ƙofofi su rufe. Yau kanal a cike, gobe ya ja baya da kamu biyu, kuma kifi yana jin wannan canji kafin kai ka gan shi. Idan aka sako ruwa, ya taso ya rufe busasshiyar ciyawar gefe, ya kwaso tana da ƙwari, tarwaɗa takan matso baki ta yi kiwo. Idan aka rage, kifi yakan taru a ramuka da ƙarƙashin gadoji da bayan ƙofofi, inda ruwa ke juyawa yana kwanciya. Ka gaida mai kula da ƙofa, ka saba da manoman da ke kusa, ka san ranar da ake ba sashenku ruwa. Wannan labarin ya fi sabuwar sandar fatsa amfani.

Ka lura da wuraren da ruwa biyu suke haɗuwa, musamman inda magudanar da ke kwashe ragowar ruwan gona take zuba a rafi. Ka lura da ƙananan tafkunan da ake tara ruwa a cikinsu da dare domin ban-ruwan safe, da gefen kachalla inda ciyawa ta ƙare, zurfi ya fara. Kachalla ta addabi manoma, ta toshe magudanai, amma bakinta maɓoyar mafarauci ce. Kada dai ka jefa a tsakiyarta, ƙugiyarka za ka bar mata. Giwan ruwa kuwa kifin babban ruwa ne mai zurfi da duwatsu da kututturen itatuwan da ruwa ya binne. Wanda ya zauna jiran ta a ƙaramin kanal yana ɓata ranarsa ne kawai.

Na san da yawa daga cikinku kuna kallon masu kamun kifi na Amurka da Kanada a waya, kuna sha'awar wani dogon kifi mai haƙora da suke kira maski, wanda ake samu a tafkunan Wisconsin da Minnesota da Ontario. Su ma da kaka suke neman manyansa, suna sa masa kifi mai rai wanda ya kai tsawon kamu ko fiye, kuma saboda wuyar kamuwarsa suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma. Akwai abin koyi a wurinsu: haƙuri, da babban abinci domin babban kifi, da kaifin ido har ƙarshen jan zare. Amma kada ka kwafi lokutansu. Nasu kifin ɗan ruwan sanyi ne, yana ƙara ci idan ruwa ya fara yin sanyi. Namu 'yan ruwan ɗumi ne. Da hunturu ya sauka a Disamba, hazo ya rufe rana, ruwa ya yi sanyi, sai cinsu ya ragu sosai. A Oktoba, asuba da faɗuwar rana su ne lokutanka. A Janairu, wanda ya fita da sanyin asuba zai sha ɗari a banza. Gara ya bari sai rana ta ɗumama ruwa, daga azahar zuwa la'asar, ya nemi wuri mai zurfi, ya rage girman abincin ƙugiya, ya rage sauri.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki kifi duk ɗaya ne, a ba kowa tana. Kowanne da yadda yake neman abincinsa. Tarwaɗa da ragon ruwa da gashin baki suke lalube, da wari da motsi suke aiki, shi ya sa dare da ruwa mai duhu ba sa hana su ci. Su za ka ba hanjin kaza, ko yankan kifi, ko dunƙulen tana, ko ɗan kwaɗo, ka ajiye a ƙasan ruwa ka jira. Ragon ruwa ya fi tarwaɗa tsantseni, ya fi son sabon abu ko mai rai. Tsage da ido yake farauta, da rana, a ruwa mai gudu, kuma ba ya tsayawa shinshina: ya kai sara ya wuce. Haƙoransa suna datse zaren roba nan take, don haka tsakanin ƙugiya da zare sai ka sa siririyar waya mai tsawon taki ɗaya. Giwan ruwa laɓewa take yi a jikin dutse ko kututture, abin ci ya gifta ta buɗe baki ta zuƙe shi ɗungurungum. Ba ta da haƙoran yanka, amma murfin kumatunta yana da kaifi, yana yanke zare, yana yanke hannun wanda ya cusa yatsa ba da sani ba.

Yanzu ga maganar kifi mai rai, wadda a nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Amfaninsa duka yana cikin motsinsa. Ɗan karfasa ko kawara da ya galabaita, ya kife ciki sama, bai fi yankan kifi ba, wataƙila ma bai kai ba. Nakan ga yaro ya kama ƙananan kifi 30 ya cusa su a bokitin fenti, ya ajiye a rana, kafin ya isa wurin fatsa rabi sun mutu. Iskar da ke cikin ruwan bokiti kaɗan ce, kuma ruwa yana ɗumama tana ƙara raguwa. Ka ɗauki 8 ko 10 masu kuzari, ka ajiye a inuwa, ka riƙa canza musu ruwa da na wurin da kake. Abin da ya fi shi ne ka huhhuda jarka ko ka sami ɗan kwando mai murfi, ka ɗaure da igiya ka saka shi cikin ruwan, su zauna a gidansu har ka buƙace su. Ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa su, domin busasshen hannu yana goge santsin jikinsu, kuma wannan santsin shi ne garkuwarsu.

Wurin soka ƙugiya ma ilimi ne. A ruwa mai kwanciya, ka soke shi a gadon baya, kusa da ƙayar sama, cikin tsoka, ba tare da ka taɓa ƙashin baya ba. Idan ka taɓa ƙashin, ya shanye ke nan. A ruwa mai gudu kuwa ka soke shi ta leɓe ko ta hanci, domin ya fuskanci ruwa ya yi iyo yadda ya saba. Wanda aka soka a baya aka sa a igiyar ruwa, juyi zai yi ta yi har ya mutu. Ka bar tsinin ƙugiya a waje. Da yawa suna ɓoye shi cikin nama wai kada kifi ya gani, alhali babban kifi ba tsini yake dubawa ba, kuma tsinin da aka binne ba ya kama baki. Girman abincin ya dace da abin da kake nema: faɗin yatsa biyu zuwa uku domin ragon ruwa da tarwaɗa, faɗin tafin hannu domin giwan ruwa. Ka sa 'yar dalma kamu ɗaya sama da ƙugiya, da ɗan abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna maka motsi, ko da guntun tsohon silifa ne, ka daidaita tsawon yadda ɗan kifin zai tsaya sama kaɗan da ƙasa, kada ya samu ciyawar ɓuya.

Idan abu ya taɓa, a nan zuciya take gwada mutum. Da farko za ka ga ɗan kifin ya firgita, alamar saman ruwa tana rawa. Wannan ba ci ba ne, sanarwa ce cewa babba ya iso. Ka bari alamar ta nutse, zare ya miƙe ya fara tafiya, sannan ka ɗaga da ƙarfi sau ɗaya. Wanda ya fizge tun a rawar farko ya ƙwace abinci daga bakin baƙonsa. Kada kuma ka wuce gona da iri ka jira har ya haɗiye zuwa ciki, domin idan ƙarami ne da kake so ka mayar, ƙugiyar ciki ta riga ta kashe shi. Masu kamun maski sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suka koma ɗaura ƙugiya a jikin kifin yadda za a ɗaga da wuri ta kama a baki.

Kifin roba da na katako da cokalin ƙarfe masu ƙyalli sun shigo kasuwa, kuma ban ga laifinsu ba. A kaka, da ruwa ya washe, suna aiki ƙwarai a kan tsage da giwan ruwa. Abin da nake jiye muku shi ne kashe kuɗin kwana uku na aikin gona a kan kala-kala, alhali biyu sun isa: fari mai ƙyalli domin ruwa mai haske, da ruwan tagulla domin ruwa mai ɗan duhu. Tsohon cokalin cin abinci ma, idan aka yanke mariƙinsa aka huda kai da gindi aka sa zobe da ƙugiya, yana kama tsage. Sirrin yana hannun mai ja. Kada ka ja shi da gudu ɗaya tun daga nesa har gabanka. Ka ja, ka ɗan tsaya ya fara nutsewa, ka sake fizga, domin mafarauci raunanne yake nema, kuma sau da yawa a wannan 'yar tsayawar yake kai hari. Kada ka yi saurin cire shi idan ya iso kusa. Babban kifi yakan biyo shi har bakin gaɓa yana shawara. Ka duba ƙugiyoyin da suka zo da shi, na masu araha sukan miƙe a bakin babban kifi. Ka canza su tun a gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka zare. Rana tana cin zaren roba, wanda ya shekara a kan rufin ɗaki ya gama aiki ko da ido bai nuna ba. Ka riƙa shafa kamu biyu na ƙarshe da yatsa, in ka ji kaushi ka yanke ka sake ɗauri. Ka jiƙa ƙulli da yawu kafin ka ja shi ya tsuke. Ka gwada tsinin ƙugiya a farce, in ta zame ka wasa ta. Ina roƙon ka, kada ka taɓa naɗe zare a yatsa ko a wuyan hannu. Ka naɗe shi a sanda ko gwangwani. Kifi mai kilo 10 idan ya zabura yana iya tsaga nama har ƙashi.

Hausawa sun ce kifi na ganin ka, mai jar koma. Ruwan kaka garau yake, inuwarka tana riga ka isa. Takun ƙafa a kan simintin kanal yana ratsa ruwa, haka kiɗan waya da ihun abokai. Ka sa tufa mai duhu, ka zauna maimakon tsayuwa, ka sa rana a gabanka idan da hali domin inuwa ta faɗi bayanka.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Muna zaune a tsakiyar gonakin tumatir da shinkafa, maganin feshi yana kowane shago daga Kura har Kwanar Gafan. Idan haƙuri ya ƙare, shaiɗan yakan raya wa matashi ya tsiyaya kwalba a tafki ya kwashi kifi a sa'a ɗaya. Da can da Gamalin ake wannan ɓarna, yanzu kowane maganin ƙwari ake ɗauka. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki, amma ko babu doka, ka tuna wa zai sha ruwan. Shanun Fulani suna sha, yara suna wanka, mata suna wanke-wanke, kuma kifin a tukunyar wani zai ƙare, wataƙila ta gidanku. Guba ba ta zaɓe, tana kashe uwa da ƙwai da ɗan da bai kai farce ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ko wanke tankin feshi a kanal ka hana kanka, ka hana ƙanenka. Gidan sauro kuma an raba shi ne domin kare yara daga zazzaɓi. Wanda ya mai da shi taru yana kwashe kifin baɗi tun bai girma ba, sannan shi ne zai fara cewa ruwa ya mutu.

Ka tausaya wa manya-manyan ma. A giwan ruwa, mafi yawan ƙattin mata ne, kuma guda ɗaya tana ɗauke da miliyoyin ƙwai. Irin waɗanda ake ɗagawa a bikin Argungu, wanda aka fara tun 1934, masu kilo 70 da ɗoriya, shekaru masu yawa suka ɗauka kafin su kai haka, kuma sun kai ne domin akwai wuraren da Sarkin Ruwa yake hana taɓawa sai lokaci ya yi. Ban ce ka saki abincin iyalinka ba. Na ce idan ka sami abin da ya ishe ka, ka kuma kamo mai ciki cike da ƙwai ko ƙaramin da bai kai ci ba, ka cire ƙugiya a hankali ka mayar. Ragowar ƙananan kifin da ka zo da su daga wani ruwa kuma kada ka juye su a inda ba nasu ba. Giwan ruwan da aka kai Tafkin Victoria a gabashin Afirka a shekarun 1950 ta kawo kuɗi, amma ta share ɗaruruwan nau'in ƙananan kifaye da babu irinsu a ko'ina a duniya.

Ranka ya fi kowane kifi. Gefen kanal siminti ne mai gangara, gansakuka ta lulluɓe shi, wanda ya zame ba ya samun abin kamawa, kuma kusa da ƙofa ko inda ruwa ke shiga ƙarƙashin hanya yana ja da ƙarfin da iya iyo ba ya magani. Idan ƙugiya ta maƙale a irin wurin, ka tsinke zaren ka bar ta. Kada ka fita fatsar dare kai kaɗai, kuma ka faɗa a gida inda za ka. Idan za ka shiga kwalekwale a Tiga ko a madatsar Challawa ta Ƙaraye, ka duba lodi, ka nemi rigar ruwa. Ba mu manta da jirgin da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Ka yi hattara da ƙayar ƙurungu da ta tarwaɗa, ka kama su ta bayan kai. Tsargiya kuma tana cikin ruwan da ke kwance, inda ƙananan dodon-koɗi suke. Duk wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti, akwai ƙwayar magani mai sauƙi, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke gaya wa yara.

Ruwa yana da masu shi tun kafin a haife ka. Idan ka je sabon wuri ka nemi Sarkin Ruwa ko dattijan masunta ka yi sallama, ka tambayi inda aka hana. Mamari ko gura ko kalli da ka tarar a ruwa, wani ne ya kwana yana haɗa su, kada ka ɗaga ko don ka leƙa. Kada ka fasa kunyar manomi wajen haƙar tana, kada ka taka rainon tumatirinsa. Dattijon da ka girmama, wata rana zai nuna maka ramin da ya shekara 40 yana ɓoyewa.

Ke kuma 'yata, da kike saye ki soya ko ki yi banda, ribarki tana farawa ne daga bakin ruwa. Ki ɗaga murfin kumatu ki ga ja ne, ki duba ido ki ga bai dushe ba, ki danna tsoka ki ga ta dawo. Idan aka kawo miki tulin kifi manya da ƙanana, iri-iri, duk matattu, babu alamar ƙugiya ko ta raga a jikinsu, kuma ana neman sayarwa da arha cikin gaggawa, ki tambayi yadda aka kama su, in amsar ba ta gamsar da ke ba ki bar su. Ki gaya wa ƙannenki masu fatsa su riƙa fasa cikin ragon ruwa da giwan ruwa tun a gaɓa, su wanke, su rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, domin zafin Oktoba ba ya jiran a iso gida. Tarwaɗa ita takan daɗe da rai a ɗan ruwa kaɗan, don haka a kawo miki ita tana motsi, kuɗinta ma ya fi haka.